Tumatirin Nilda

A yankin Canelones, can kudancin duniya inda hunturu ke ƙarewa wajen Satumba, babu mai fitar da dashen tumatir fili kafin tsakiyar Oktoba. Sanyin wurin ba mai tsanani ba ne, amma yana da yaudara. Sai an yi kwanaki ana ɗumi, itatuwa sun fara fure, mutane sun ajiye manyan riguna, sannan a wayi gari raɓa ta daskare, ta yi fari fat a kan ganye. Hebert Bentancur ya san haka tun yana yaro. Duk da haka, a farkon Satumba ya kwashe dashensa kaf daga akwatunan katakon da ke bakin taga, ya dasa a lambun bayan gida.

Likita ne ya ja shi gefe a barandar asibiti, ya gaya masa cewa ciwon da ke cikin matarsa Nilda da wuya ya bar ta ta ga sabuwar shekara. Tumatirin da aka dasa a Oktoba kuwa sai Janairu yake nuna. Ita kuma tun da abinci ya fita ranta, abu ɗaya take ambata: tumatirin lambunsu, a yanka shi a kan burodi, a barbaɗa gishiri, a ɗiga man zaitun. Ya sayo mata na kanti, ta ɗanɗana ta tofar.

Yana cikin dashen maƙwabciyarsu Zulma ta leƙo ta kan shinge.

"Dattijo Hebert, lafiya kuwa? Ko kalandar gidanku ta riga tamu ne?"

"Bana sanyi ya tafi da wuri," in ji shi.

"Au, ya yi maka sallama ne da zai tafi?"

Ya ci gaba da dashensa. Ta dubi tagar ɗakin Nilda, ta juya ta koma ciki.

Tun aurensu Nilda ce mai faɗin ranar dashe, shi nasa tona rami. Da ya shigo mata da shayin mate ta dubi farcensa.

"Tsoho, me kake tonawa?"

"Ciyawa."

"Ciyawa ce ta kwashe mini akwatuna daga taga? Ka bar ko kaɗan a ciki?"

"Ban bari ba."

"Kai dai jaki ne tun ranar da na san ka," ta ce. Ba ta ce ya tone su ba.

Dashen ya kama. Ganye ya yi duhu, kara ya yi kauri, har Zulma ta daina magana. Sai wata rana, wajen ƙarshen wata, iskar kudu mai sanyi ta wuni tana kaɗawa, da yamma ta tsaya cak, sama ta washe babu ko ɗigon gajimare. Kowa a unguwar ya san ma'anar wannan: raɓa za ta daskare a daren. Hebert ya rufe shukar da buhuna da tsofaffin jaridu, ba su isa ko rabi ba. Sauran dabara ɗaya ce: a yayyafa wa ganyen ruwa kafin rana ta taɓa shi, ƙanƙarar ta narke a hankali. In rana ta riga ruwa, an gama. Ya cika bokitai ya jera a bakin ƙofa.

Gari na fara haske ya tashi. Yana sa takalmi ya ji ta tana kakari. Ta yi amai, ta ɓata shimfiɗa, ciwon ya naɗe ta har gwiwarta na taɓa haɓa. Ya ɗaga ta, ya goge mata jiki, ya canza zanin gado, ya ba ta magani. Ta taga yana hango lambun fari tas, bayansa kuma sama ta fara ja a kan dogayen itatuwan bakin hanya.

"Je ka," ta ce, idonta a rufe. "Rana za ta fito."

Amma hannunta na riƙe da wuyan hannunsa, kuma ba ta sake shi ba. Hebert ya dubi ƙofa. Ya zauna a bakin gadon.

Sai da rana ta hau katanga maganin ya kama ta, ta yi barci. Ya fita. Ganyen ya yi laushi kamar an zuba masa tafasasshen ruwa. Na ƙarƙashin jaridun ma bai tsira ba, takardar ta jiƙe ta manne masa. Ya zuba ruwan duk da haka, bokiti bayan bokiti. Kafin tsakar rana lambun ya yi baƙi.

Da ta farka yana zaune a kujera, wandonsa jiƙe har gwiwa. Ba ta tambaye shi ba.

"Akwai sauran iri a kwalbar da ke kan kabad," ta ce. "Ka zuba yau. Wannan karon ka jira lokacinsa."

"In na zuba yau, ai sai Fabrairu."

"Na iya lissafi, tsoho."

Ya ɗauko akwati guda, ya cika shi da ƙasa, ya kawo gaban gadon ya durƙusa. Yana danna irin da yatsa tana kallo.

"Ka cika zurfafawa," ta ce. "Ba binne shi za ka yi ba."