Saƙon da Mubina Ta Ƙi Kaiwa

A'a, Kyauta, dakata. Rage murya, gidan makoki ne bayan katangar nan. Jiya kika sauka daga mota, kika tsinci rabin magana a bakin masu gaisuwa, yau har kin yanke wa yarinya hukunci. Wai Mubina ta ƙi kai saƙon ubanta yana gab da cikawa, wai boko ya busar mata da zuciya. E, ta ƙi. Ina wurin. Ke kina Kaduna.

Malam Muttaka yayanki ne, ban musa ba. Amma ni katanga ɗaya ta raba mu a Sauka Kahuta tun kafin a haifi yarinyar. Na san tarinsa, na san ƙarar kekensa in zai tafi Tunga gyaran keken ɗinki. Muryarsa yana yi wa matarsa Zuliha magana ce kawai na manta yadda take.

Kin san dalili, kada ki yi mini fuskar baƙuwa. Uwar Zuliha ta rasu a Kontagora lokacin Zuliha na da tsohon cikin Mubina. Aka aiko masa, ya haɗiye labarin, wai kada ta firgita. Aka haihu, aka yi suna, sai a bakin mai tallan doya ta ji an binne uwarta tuni. Ba ta yi yaji ba. Tuwo ta tuƙa masa, wanki ta yi, guga ta yi. Baki kawai ta rufe. Shi ma da ya ga haka ya rufe nasa, don kun iya taurin kai a gidanku. Ba su sake haihuwa ba, wannan ba sai na yi miki bayani ba.

Da fari ni ce 'yar aiken. Yarinya na iya haɗa magana na yi ritaya.

"Gaya wa ubanki ruwan wanka ya yi."

"Gaya wa uwarki na ji."

Tabarma ɗaya ce tsakaninsu fa. Har bayan an kai Mubina ɗakin miji a Tunga, Zuliha kan kira ta a waya ta ce ta kira ubanta ta gaya masa an sauke abinci. Shi kuwa yana zaure.

To, sai ta koma jami'a digiri na biyu, wai karatun sasanta ma'aurata da iyali. Na ce, "Yanzu wannan ma sai an sayi takalmi an je makaranta?"

Ta yi dariya. Ta ce, "Iya, shiru ake koya mana."

Ashe da gaske take. Ana tura ta wani ofis ta zauna da mata da miji. In sun yarda a ɗauki maganar a waya, malamarta, wata Madam Magdalina, ta saurara ta ce nan kin yi sauri, nan kin ɗauki ɓangare, nan wa ya tambaye ki shawara. Na ce to ni da sun kore ni ranar farko. Na ce ga aiki ma a gida, ta fara da iyayenta mana. Ta ce an hana su, ba a yi wa 'yan gida.

Wata rana ta shigo ina tsinar wake, ta zari tsinken tsintsiya ta durƙusa. Ta ce an sa kowa ya zana gidansu kafin ya taɓa gidan wani. Ta yi akwati a ƙasa, wai uba. Ta yi da'ira, wai uwa. Ta yi ƙarama a tsakiya. Ta ja layi daga uwa zuwa ƙaramar, daga ƙaramar zuwa uba. Ni ko alif ban sani ba, amma wannan na karanta shi.

Ta ce, "Malamata ta tambaye ni, in na matsa gefe me zai faru."

Na ce, "Me kika ce?"

"Na ce gidan zai rushe. Ta ce ta yiwu. Ta ce ta yiwu kuma ni ce na hana su buƙatar juna."

Ta share zanen da tafin hannu. Ba ta matsa ba, ta ci gaba da kai saƙonta har ƙodar Malam ta tashi.

Da asibiti suka ce a koma gida a yi ta addu'a, kowa ya gane. Aka shimfiɗa masa a ɗakinsa, ƙafafu sun kumbura, fanka na juyawa in an kawo wuta. Zuliha ta ɗauko kujerar tsuguno ta dasa a bakin ƙofa ta waje. Nan take yini. Ba ta shiga, ba ta tashi.

Ranar da ake ba ki labari, da hantsi ne, na shiga duba shi. Ya kama hannun Mubina ya ce, "Gaya wa uwarki ta yafe mini."

Labule kaɗai ne tsakaninsu. Ina ganin ƙafar Zuliha ta ƙasansa.

Mubina ta dubi labulen. Sannan ta ce, "Baba, tana bakin ƙofa. Tana jin ka."

"Na ce ki gaya mata."

"Duk abin da ka aike ni na kai tun ina ƙarama. Wannan ba nawa ba ne, Baba. In na kai, ni za ta amsa wa."

Ya saki hannunta ya juya wa bango fuska. Can ya ce, "Iya, ke fa?"

Na ce wallahi gwiwar nan, in na zauna tashi sai an ɗaga ni. Ya san ƙarya nake. Da ƙafata na shigo.

Kada ki ɗauka abin ya yi wa yarinyar daɗi. Bayan murhuna ta zo ta yi kukanta, inda kike zaune ɗin nan. Ni kaina na ce mata, "Kin san in ya tafi yau, ke za ki ɗauka har kabarinki?" Ta ce ta sani. Ta ce ba aikin makaranta take yi ba, ta gaji ne da zama bakin mutum biyu, kuma in ba yanzu ba babu wani lokaci. Aka yi azahar, shiru. Numfashinsa ya fara ja. Na ce a raina yarinyar nan ta yi caca ta faɗi.

Bayan la'asar Zuliha ta dama kunu. Ta miƙa kofin sama ba ta dubi kowa ba, ta ce, "Kai wa ubanki."

Mubina ta sa hannuwa a baya. Zuliha ta dube ni. Na shafa gwiwa.

Zuliha ta tsaya da kofi har tururin ya ragu. Sannan ta ture labule da kafaɗa.

Mu muna waje, ba mu motsa ba. Na ji ta ce, "Ɗaga kanka."

Muryar ta fito a shaƙe, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba.

Ya ce, "Da zafi."

"Ya huce tun ɗazu. Kai dai ka cika raki."

"Tsamiyar ta yi yawa."

"Haka nake damawa kullum, ba ka taɓa cewa komai ba."

"Wa zan gaya wa?"

Daga nan suka yi ƙasa da murya. Na kasa kunne iya ƙarfina, ba zan ɓoye miki ba, amma an kawo wuta fankar nan ta hana ni. Kafin magariba ya cika.

Yanzu kina tambayata ko ya nemi gafarar, ko ta ce ta yafe. Ban ji ba, kuma ba zan ƙirƙira miki ba. Abin da na gani zan faɗa. Da muka shiga, kofin na ƙasa ba komai ciki, gefen mayafinta na damƙe a hannunsa. Ta ja kaɗan, bai fito ba. Ba ta sake ja ba. Ta zame mayafin daga kafaɗarta ta bar masa, ta fito haka nan ta wuce gaban maza ta shige ɗakinta.

In kina shakka, Malam Ndanusa ne ya yi masa wanka, yana nan zaune a zaure. Je ki tambaye shi abin da ya ɓamɓare daga yatsun yayanki.

Ba za ki je ba? To, sha ruwanki.