Kawu Orval a Kan Sifirin

Na karanta littattafan soyayya har da waɗanda bangonsu ya yage, amma ban taɓa cin karo da masoyin da ya yi wa budurwarsa ɓarna irin wadda Wendell Stuhr ya yi wa ƙawata Darlene ba. Kuma da zuciya ɗaya ya yi ta, abin da ke sa ni hawaye ke nan har yau.

Mu a ɗan garinmu na Nebraska, Lahadi ba ta cika sai an hallara a filin ajiye motoci na tsohuwar masana'antar sukari. A jera robobin nan masu tsini, kowa ya shiga motarsa shi kaɗai ya yi ta lanƙwasa a tsakaninsu, agogo na bin sa. Ka ture roba ɗaya, a ƙara maka sakan biyu. Darlene Kovarik ce gwanar filin, kuma asirinta yana cikin wani akwatin katako: sifirin na ƙafar mota guda takwas, biyu-biyu iri ɗaya, kowane da lamba a jikinsa mai nuna nauyin laba nawa za a ɗora masa kafin ya lotsa inci guda. Masu tauri ta sa su gaba, masu laushi baya, kowane da shokozobar da za ta iya da shi. In sifirin ya fi ƙarfin shokozoba, mota ta yi ta tsalle kamar kwaɗo. In shokozoba ta fi ƙarfinsa, ta danne shi ya kasa numfashi. Ni dai aure nake kiran abin, ko da yake Darlene ta ce in daina.

Wendell mai fentin gidaje ne, dogo, mai kunya, wanda in Darlene ta gaishe shi sai ya amsa wa takalminsa. Ya ji wata rana ta ce tana son launin sararin sama. Da ta tafi Omaha duba kakarta, ya ɗauki akwatin nan. Da yake shi ba mai aikin ha'inci ba ne, sai da ya kankare kowane sifirin har ƙarfe ya fito fes, sannan ya shafa musu shuɗi mai kyau, ya jera su a bakin garejinta da fure a tsakiya.

Ina wurin ta dawo. Ta ɗauki ɗaya, ta juya shi, ta sake juyawa.

"Wendell, ina lambobin?"

"Waɗanne? Au, wannan ƙazantar? Ai na goge miki ita tas."

"Ka goge mini."

"Ko ɗigo ban bari ba," in ji shi, yana murmushi.

Wayyo zuciyata! Darlene ta zauna a kan taya. Lahadi mai zuwa ce tseren ƙarshe na shekara, kuma ɗan ƙiris ya rage Curtis mai gidan taya ya ƙwace mata kofin gasar.

"Saurara da kyau, malam mai goga," ta ce. "In motar nan ba ta tafi daidai ranar Lahadi ba, kada ka ƙara taka ƙofar gidanmu. Ko wasiƙa aka aiko ka da ita, jefo ta ta katanga."

Ba sauran dabara sai Kawu Orval. Ba kawun kowa ba ne, amma kowa haka yake kiran sa. Nauyinsa laba ɗari biyu ne cif tun kafin a haife mu, kuma duk sifirin da ke garin nan a ƙarƙashin ƙafarsa aka san taurinsa. An ce akwai injin awo a birni, amma wa zai yarda da injin da bai san iyayensa ba? Kawu ya riƙe nauyin jikinsa amana. A gidan biki rabin kek yake ci ya mayar da rabi. Da matarsa ta rasu, yana kuka yana cusa dankali, don kada baƙin ciki ya ɓata wa jama'a awo.

Ranar Asabar da hantsi ya iso garejin Darlene. Ya cire takalmi, ya ajiye makullai da agogo, ya zare haƙoran robarsa ya sa a kofi.

"Yanzu na cika," ya ce, bakinsa a lotse. "Ku kawo."

Aka tsayar da sifirin a ƙasa, aka ɗora ɗan katako a kansa, Kawu ya hau yana rawa kamar zakara a kan igiyar shanya. Ni na durƙusa da rula ina karanta yadda ya lotsa. Wendell aka ba riƙon bel ɗin Kawu ta baya, da yatsa biyu kawai, don kada ya faɗi.

"Kai ɗan Stuhr, riƙe ni aka ce, ba mintsini ba!"

"Yi haƙuri, Kawu."

"Hannunka sanyi kamar na gawa. Soyayyar ce haka?"

Darlene kuwa ba ta iya zama wuri ɗaya. Tana tsakar gida tana wanke shokozoba, ta leƙo ta tambayi lamba, ta fita, ta dawo neman sifana, ta sake fita. Duk sanda ta shigo sai in ga Wendell ya miƙe ƙyam, ya buɗe ƙirji, kunnuwansa sun yi ja. Na ce a raina, Allah sarki, so! Na ci gaba da karatun rulata. Muka gama, muka haɗa su biyu-biyu, muka ɗaura wa mota.

Lahadi gari ya waye garau, ƙanshin masara gasasshiya da na taya mai zafi sun cika filin. Dokarmu ita ce kowa sai ya yi aikin tsayar da robobin da aka ture, don haka aka ajiye Wendell a babbar kwanar dama. Darlene ta sa hular kwano, aka ɗaga mata tuta.

Kwanar hagu ta farko, motar ta shige sumul, har Curtis ya cire hularsa. Sai kwanar dama. Jama'a, motar nan ta ɗaga ƙafar baya ɗaya kamar karen da ya ga itace! Ta dire, ta yi tsalle, ta sake tsalle, ta bi layin robobi tana kwashe su ɗaya bayan ɗaya. Wendell ya bi ta da gudu, robobi cike da hammata, yana ihu, "Darlene, yi haƙuri! Yi haƙuri!" Ta ƙarasa layin ƙarshe da baya, roba ɗaya maƙale a ƙarƙashin mota tana kuka. Mai riƙe da agogo ya duba, ya ce a bari kawai.

"'Yar Kovarik," Curtis ya ƙwalo, "rawar ta yi kyau! Ina ake sayen tikiti?"

Ba ta kula shi ba. Ta tattara mu uku, ni da Wendell da Kawu, a bayan a-kori-kura, sai gareji. Ta kwance sifirin ɗin gaba da hannunta, ta dangwarar da ɗaya a ƙasa.

"Kawu, hau."

"'Yar nan, na ci burodi da tsakar rana, nauyina ya ƙaru."

"Tofa haƙoran ka hau."

Ya hau, Wendell ya kama bel, ita tana tsaye a kanmu. Na karanta: lamba ɗaya da ta jiya. Ta yi tsaki, ta fita ɗauko ɗayan. Ƙafarta na barin ƙofa, Kawu ya nutse ƙasa a idona, katakon ya sauka a jikin rula.

"Darlene! Dawo!"

Ta dawo. Kawu ya tashi sama.

"Fita kuma."

Ta fita. Kawu ya sauka.

Haka ta yi ta shiga da fita, Kawu na sama na ƙasa kamar guga a rijiya. Tsohon ya fashe da kuka. "Shi ke nan, na lalace! Nauyina ya fara yawo. Ku kira fasto, ku gaya wa jama'a duk su kwance motocinsu!"

"Kawu, nauyinka na nan," in ji Darlene a hankali. Idonta ba a kansa yake ba, yana kan yatsun nan biyu da ke cikin bel. Ta karɓi rula, ta motsa baki tana lissafi. Ashe duk sifirin da aka auna tana ciki ya fito da taurin da ba nasa ba, shi ya sa muka aurar da mai laushi ga mai tauri.

"Wendell. Laba arba'in kake ɗagawa in na shigo."

"Ni? Wallahi ban sani ba."

"Da yatsa biyu."

Ya dubi takalminsa. Ni kuwa tuni na jiƙa wuyan rigata. Mawaƙa sun sha cewa so ba ya awo, ga shi mun auna shi a garejin Kovarik, da rular kafinta!

Na share ido na ce bari ni in riƙe bel ɗin a gama.

"A'a, Joleen," ta ce. "Shi ya ɓata, shi zai riƙe. Ni zan fita."

Ta koma tsakar gida. Aka auna, har yanzu Kawu bai cika ba, don Wendell na jin takunta. Ta koma bakin titi. Ta yi tari, Kawu ya ɗaga. Ta shiga a-kori-kura ta tafi ƙarshen unguwa, amma iska ta juyo daga can da ƙanshin turarenta, awon ya ƙi tsayawa. Sai da ta tsallake layin dogo, ta kai gidan mai na hanyar Omaha, sannan katakon ya zauna ya daina motsi. Muka auna takwas ɗin, suka haɗu biyu-biyu lafiya lau, kowane ya san shokozobarsa.

Wayata ta yi ƙara. Hannuna duk baƙin mai, sai na buɗe lasifikar wayar don kowa ya ji. Kawu na kan katako bai sauko ba tukuna.

"Ya sauka?" in ji Darlene.

"Ya sauka, ƙawata. Ɗari biyu cif."

"Sai da na zo har nan?"

"Har nan."

Ina jin ƙarar famfon mai a bayanta. Kofin gasa dai ya tafi, kuma sharaɗinta kowa ya ji shi. Wendell na bayan Kawu, yatsunsa har yanzu a cikin bel.

"To," ta ce. "Gaya wa wannan mai gogar ya wanke hannu. Mama ta gasa kaza, kuma ba na son a makara. Ta ƙofar gaba zai shigo."

Na ɗago kai don in isar da saƙo, sai na ga katakon ba kowa a kansa. Ƙafafun Kawu Orval na lilo a iska, safarsa ɗaya ta zame.

"Ɗan Stuhr," ya ce, "sauke ni, don girman Allah, kuma a miƙo mini haƙorana. Yau cinya biyu zan ci."