Katangar da Atiku Ya Gina

"Atiku, wanga kurkuku nawa ne ko naku?"

Muryar Tabawa ce daga bayan zana. Ɗana Atiku bai ɗago ba, yana ta ɗura kankare cikin ramukan bulo.

"Haba Inna Tabawa, na ɗan lokaci ne."

Tun muna amare a Jega muke maƙwabtaka, zanar nan kaɗai ta raba gidajenmu. Mijinta ya rasu, ɗiyarta Safiya tana aure a Maiyama. Ciwon daji ne ya kama Tabawa a wuya, aka yi mata aiki a Abuja, aka ba ta wani magani ta haɗiye. Da bakinta ta ba mu labari, tana dariya: wai maganin zai riƙa fitar da wani haske daga jikinta wanda ido ba ya gani, don haka ta nisanci yara da masu ciki na ƴan kwanaki, shi ke nan.

To, Zinatu matar Atiku cikinta ya tsufa, bayan ɓari biyu. Atiku ya hau babur sai Aliero, wurin wani malamin jami'a.

"Inna, hasken nan da Turanci gama ake ce mashi," in ji shi da ya dawo. "Ratsa zana yake yi, kwanon rufi ma haka. Sai katanga mai kauri, ta ƙasa ko ta kankare."

Malamin ya ce tazara ma ta isa, kuma abin gushewa yake. Wannan ba mu riƙe ba. Har cewa na yi a ƙara layi biyu a sama.

Kwanakin likita suka wuce, Zinatu ta sauka lafiya.

"Murja!" Tabawa ta ƙwala mini kira ta bayan katanga. "Ɗago mani angon nawa in gani."

"Katangar ta yi tsawo, Tabawa."

"To zagayo da shi mana, ko ƙafar ta ƙare?"

"Bari dai ya yi arba'in."

Ran suna a leda muka aika mata nama, don kada kwanonmu ya shiga gidanta ya dawo. Ta maido ledar a wanke, da ƙuli-ƙuli a ciki. Kaji muka ba.

Arba'in ta wuce, yaro ya fara rarrafe, kullum ina cewa gobe. Ashe ciwon ya dawo, Safiya ta zo jinya. Wata rana da hantsi, lokacin ciran albasa, muka ji salatin Safiya.

Sai da na fita titi na zagaya. Gadon Tabawa ba ya cikin ɗaki. Yana tsakar gida, ƙarƙashin ƴar rumfa, manne da katangarmu.

"Ita ta sa aka jawo shi nan," in ji Safiya. "Ta ce har ta iya rarrabe kukan yaronku, na yunwa da na barci."

Bayan an fita da gawar Tabawa na zauna bakin gadon. Ta can gefen Zinatu tana yi wa yaron wanka. Ina jin ƙarar ruwan cikin baho, ina jin yana dukansa da hannu.