Notin Farfelar Kuramochi

A ƙungiyarmu ta masu ƙera ƙananan jiragen ruwa na wasa, waɗanda ake tuƙawa daga gaɓa da na'urar rediyo, ni aka ɗora wa aikin da kowa ke gudu, wato sassauta notin mamaci. Ba wai na fi kowa iyawa ba ne. Ni mai aski ne, hannuna ba ya rawa, sauran kuwa tsofaffi ne da ko kofin shayi suka ɗauka sai rabi ya ƙare a wando.

Duk wanda ya taɓa ɗaura farfela ya san halinta. A bakin sandar ƙarfen da inji ke juyawa ake murɗa ta. Muddin jirgi na tafiya gaba, da kanta take ƙara matsewa. Amma ka ba shi baya, sai ta soma warwarewa, kafin ka ankara ta sulale ta nutse. Shi ya sa muke sa ɗan ƙaramin noti a gabanta, mu ɗaure su gam da juna. To, in ɗan ƙungiya ya mutu, a bikin Obon na farko bayan rasuwarsa, ranar da ake sallamar matattu, sai a sassauta notin nan. A kunna fitilar takarda a kan jirgin, iyalinsa su kai shi tsakiyar tafki, su ba shi baya. Farfela ta gangara ƙasan ruwa wajen na waɗanda suka riga shi. Jirgin kuma namu su turo shi gaɓa, a kai shi gida, ba ya sake tafiya.

A shekarar da nake ba da labari, na Kuramochi ne ya zo kan layi, aminina. Tsohon makanikin tashar jirage ne, kuma kai, ban taɓa ganin mai naci a kan noti irinsa ba. Ba ya sa jirgi a ruwa sai ya gwada notin da sifana, ya sake gwadawa, sannan ya zo ya gwada naka ba tare da ka roƙe shi ba. Farfelarsa ma da hannu ya goge ta da magagari daga guntun tagulla, a kan teburin cin abinci, har matarsa Shizue ta yi rantsuwar wata rana za ta jefa magagarin a miya.

Da yamma Shizue ta iso bakin tafki da jirgin a rungume, naɗe cikin tawul. Hatanaka, dattijon ƙungiya, ya tare ta da surutunsa.

"Shizue-san, sannu da ɗaukar kaya. Miƙa wa Murase, amma ki sa masa ido, kada ya yi wa jirgin aski."

"Kai dai rufe mana baki," na ce masa. "Wanda bara ya sa batir a juye, jirgi ya yi ta hayaƙi kamar ana gasa kifi."

Ta ɗan murmusa don kada ta ba mu kunya, ta bi ni zuwa bencin da nake aiki. Ban kai ga warware tawul ɗin ba ta riƙe gefensa.

"Murase-san, ba ni da hurumin riƙe masa rediyo yau. Ku ba wani."

"Haba, in ba ke ba, wa?"

"Ƙarya na yi masa," ta ce, idonta a ƙasa. "Likita ni ya kira, ya ce ciwon daji ne, ya ci ciki, babu abin yi. Muka shirya a ce masa gyambon ciki ne, kamar yadda kowa ke yi. Kullum in je asibiti in ce, Baban Noriko, ka ƙara kyau, ka kusa dawowa gida. Har ya tafi yana jiran sallama. Bai yi bankwana da 'yarsa ba, bai yi da ku ba, bai yi da ni ba. Ni na hana shi. Mutumin da ko ƙusa ba ya bari a kwance, na sa shi ya bar komai a warwatse."

Ba ta yi kuka ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Mu duka mun san ba gyambo ba ne, mu ma mun je mun yi masa dariyar ƙarya a bakin gado. Tausayinta ya kama ni, haushin kaina ma ya kama ni, sai na yi abin da na iya: na kifa jirgin a kan matashi, na ɗauko 'yar sifana.

Babu noti.

Na cire tabarau na goge, na sake dubawa. Farfela na nan daram, tana sheƙi, an shafa mata mai. Amma a gabanta, inda noti ke zama, sandar tsirara take. Noti kuwa ba ya faɗuwa ta nan. Dole sai mutum ya kwance farfela, ya zare shi, ya mayar da farfelar.

"Shizue-san, wani ya taɓa jirgin nan?"

"Wa zai taɓa? Tun ranar da ya dawo daga nan ya ɗora shi a kan kabad, ko ƙura ban yarda na kaɗe ba."

Sai ranar ta faɗo mini. Lahadin ƙarshe ce kafin a kwantar da shi. Ya rame har wandonsa na neman faɗuwa, amma ya zagaya tafki da jirginsa ya fi na kullum daɗewa. Da ya fito da shi ya ce, "Murase, je ka sayo mana shayi mai zafi, kai ne ƙarami." Na tafi ina ƙunƙuni, don wata huɗu kacal ya ba ni. Da na dawo na tarar yana mayar da sifana aljihu. Na tambaye shi jiki, ya ce, "Gyambo ne, in ji Shizue. Abin da Shizue ta ce kuwa, shi ne."

Na juya jirgin yadda za ta gani, na nuna mata da bakin sifana.

"Nan ne aikina yake, to an riga ni. Mijinki bai taɓa ajiye jirgi ba noti ba, ko na rana ɗaya. A ƙungiyar nan kuwa dalili ɗaya ke sa a raba farfela da notinta, kuma shi ya fi kowa sani."

Ta daɗe tana kallon sandar. Can sai ta buɗe jaka, ta laluba cikin 'yar lalitarta, ta fito da wani abu ta ɗora a tafin hannu. Ɗan notin tagulla ne, bai kai ƙwayar wake ba.

"A asibiti ya ba ni," ta ce a hankali. "Na ɗauka tarkacen aljihunsa ne. Ya ce, ki riƙe mini wannan, kada ki ba Murase, mayar da shi zai yi." Ta ɗago ta dube ni. "Ashe ya sani."

"Ya sani tun kafin ya kwanta."

"Kuma ya bar ni ina ta zuba masa ƙarya, yana cewa to, to, na gode." Ta juya notin a tafin hannunta. "Ja'irin tsoho. Ashe ni yake lallashi."

Hatanaka ya matso zai yi magana, ya ga fuskokinmu, karon farko a rayuwarsa ya haɗiye ta. Shi ya kunna fitilar, ni na sa jirgin a ruwa. Ban sake tambayar Shizue ba, na dai miƙa mata rediyon, ta karɓa.

Ba ta iya tuƙi ba. Jirgin ya yi ta karkacewa, ya kusa afka wa agwagi, amma ba wanda ya gyara mata. Da ya kai tsakiya ta tsayar da shi, fitilar na lilo a kan ruwa. Mu kuma muka jera namu a gaɓa muna jira.

"Baban Noriko," ta ce, ba da ƙarfi ba, "ciwon daji ne. Ka ji, na faɗa maka."

Ta ja sandar rediyon baya. Jirgin ya ɗan ja da baya kaɗan, sai ƙarar injin ta sauya, ta zama siririya, yana juyawa ba abin da yake turawa. Ta bar shi yana kuka haka na ɗan lokaci kafin ta saki.

Da jiragenmu suka turo shi gaɓa, na miƙa hannu in karɓi notin, don bisa al'ada a akwatin ƙungiya ake ajiye su. Ta dunƙule hannunta ta kai ƙirji.

"Ya ce kada in ba ka," ta ce.