Ƙafar Yaya a Bugu na Uku

Shekara ashirin Yaya yana buga mana gangar Turawa, wadda ake bugawa da sanda da ƙafa, ni ina riƙe da jita da kwamfuta. Situdiyon namu, in ma ya cancanci sunan, ɗakin ajiye tarkace ne a bayan gidansa: katifu biyu jingine da bango, bargo a taga, makirufo ɗaya ɗaure a jikin kujera. Dokarsa a kiɗan rege ɗaya ce, kuma na sha zagi a kanta: a bar bugu na ɗaya fanko, jita ta sara a na biyu da na huɗu, ƙafa da sanda su faɗo tare a na uku.

Sai ɓarin jikinsa ya shanye. Wata takwas yana kwance. Da ya fara takawa, ya ce a buɗe ɗakin, akwai waƙar da ba mu ƙarasa ba. Matarsa ta yi iya yinta ta hana shi, ya kafe.

Minti huɗu ya buga, gumi na tsiyaya. Ina saurare ta hedifon. Ƙafar tana zuwa a makare, wani wurin ma ba ta zo ba sam.

"Ya yi?" ya tambaye ni yana haki.

"Ya yi, Yaya. Ɗan gyara kawai."

Washegari hannunsa ya kumbura, likita ya ce shi da ganga sun yi sallama. Na ji tausayinsa ƙwarai, sai na zauna kwana uku ina jan kowane bugu a allon kwamfuta, ina ɗora shi daidai kan layin da ke nuna lokacin bugu. Da na gama, na goge na asalin, don kada wata rana ya ji yadda ya koma. Ni a wautata har yaba wa kaina na yi.

Na kai masa, na sa masa hedifon. Bai kai rabi ba ya ɗaga hannu.

"Wa ya buga wannan?"

"Kai mana, Yaya."

"Kai, raina wa wani hankali. Wannan inji ne. Ni ban taɓa sauka a kan layi ba. Bayansa nake sauka, ɗan ƙiris, shi ke ba jitar bes wurin numfashi. Shekara ashirin kana zaune kusa da ni, ba ka taɓa ji ba?"

Ban taɓa ji ba. Layi nake kallo tun da na san kwamfuta. Kunya ta rufe ni.

Ya sassauta murya. "Ba komai, ƙanena. Sa min na asalin. Na san ɗingishi yake yi, amma nawa ne. Shi ne na ƙarshe."

Na juya wajen allon, ina ta buɗe wuraren da na san babu komai a cikinsu. Yaya ya gyara zaman hedifon, ya rufe ido, yana jira.