Riga Ɗari da Arba'in

Tun da manaja ya dire musu kwandunan riguna, Dogo bai ƙara duban mijin yayarsa ba. Shekara shida teburan gugarsu na manne da juna a bayan kamfanin wanki, amma yau kowa ya haɗe rai kamar an aiko masa da saƙon mutuwa.

Ƙarin albashi ne ya jawo. Ranar da aka sanar a rediyo, har rawa Dogo ya taka da dutsen guga a hannu. Yau da safe manaja ya katse masa murnar: kamfani ba zai iya biyan masu guga biyu sabon albashi ba. Wanda ya fi goge riguna kafin ƙarfe biyar, shi zai zauna.

"Janye kwandonka, ka tare mini hanya," in ji Dogo.

"Ni kake gaya wa haka? Ni da na kawo ka wurin nan ko riƙon dutsen ba ka iya ba?"

"Yaya, gorin ya isa haka. Ni ma iyali gare ni."

"'Ya'yan yayarka fa? Ƙasa za su ci?"

Dogo ya ja tsaki ya danna dutse a kan kwala. Da rana ta yi, kwanon abincin da yayar take aiko musu su ci tare yana nan a kan taga, ba wanda ya buɗe. Can wajen ƙarfe uku mijin yayar, wanda dattijo ne, ya tsaya, ya ciro gwangwanin man zafi yana murza ƙugunsa. Dogo ya gani ta gefen ido, sai ya ji daɗi ya kama shi. Kunya ta biyo baya, amma ba ta rage masa sauri ba.

Biyar na bugawa manaja ya shigo ya ƙirga. Dattijo casa'in da biyar, Dogo ɗari da arba'in.

"Ashe haka kake da hannu?" Manaja ya washe baki. "Shekara da shekaru saba'in-saba'in kuke ba ni, munafukai! To daga gobe ɗari da arba'in nake so, kullum. Ka ga aikin mutum biyu ya fita."

Dogo ya ajiye dutsen gugarsa. Ko ɗaga kafaɗarsa ta dama ba ya iyawa.

Mijin yayar ya naɗe wayar dutsensa a tsanake, ya sa hularsa. Sannan ya dangwarar da gwangwanin man zafin a kan teburin Dogo.

"Riƙe. Ni dai ƙuguna ya huta."

Har ya kai bakin ƙofa sai ya waiwayo.

"In ka tashi, ka mayar wa yayarka kwanonta. Kai za ka gaya mata da bakinka."