Sunan da Auta Ta Goge

Malamin da ke koya musu haɗa fim yana da dokoki biyu, kuma ya nanata su har kunne ya gaji. Ta farko, mai kyamara ba ya tsayar da ɗauka ko rufin ɗaki zai rufto, sai darakta ya ce a yanke. Ta biyu, in kana son tsoro na gaske a fuskar ɗan wasa, kada ka faɗa masa lokacin da abin zai zo. Sauran ɗalibai sun rubuta a littafi sun manta. Auta kuwa ta haɗiye su ɗungurungum, don ita irin ɗaliban nan ce na layin gaba, waɗanda in malami ya yi atishawa sai sun tambaya ko za ta fito a jarrabawa.

Aikin ƙarshen shekara shi ne bidiyon waƙar hip-hop na minti uku, da fasta, da bangon faifai. Ita ce darakta a rukuninsu. Mai kyamara wani ɗan ajinsu ne mai sanyin hali, kowa Dogo yake ce masa. Mawaƙi kuwa ba ta je nemansa da nisa ba, ɗakinsa na kallon nata. Yayanta ne, mai gyaran janareta, wanda in ya wanke baƙin mai daga hannunsa yake zama Tartsatsi. Bakinsa ya fi keken ɗinki sauri, kuma duk saurin nan ba ya tauna harafi ko ɗaya. Shi ya goya ta tana ƙarama, shi ya fara kai ta makaranta a kan kekensa, kuma har yau ba ta taɓa neman abu a wurinsa ta rasa ba.

"Ni dai ki bar ni da janaretocina," in ji shi da ta zo masa da maganar. "Su ba sa cewa a sake."

"Yaya, in na faɗi wannan kwas ɗin, shekara guda zan maimaita."

"To, ranki ya daɗe darakta. Ina zan tsaya?"

A bayan tsohon garejin motoci ta tsayar da shi, jikin wani shuɗin bango mai tsage-tsage da rana ke haskawa daidai yadda take so. Hoton ya fito fiye da zatonta. Abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai. A bangon, daidai saman kansa, wani ya rubuta KIBIYA da jan fenti, ƙarƙashinsa lambobin shekaru guda biyu da ɗan layi a tsakaninsu. Nan ne kuma ya kamata sunan mawaƙi ya zauna. Ba ta ɗauki minti goma a kwamfuta ba ta shafe rubutun tas, ta ɗora TARTSATSI a gurbinsa da jan da ya yi kama da fentin. Har kiran Dogo ta yi ya zo ya nemo inda aka taɓa, bai samu ba.

Sai da aka bugo fastar guda hamsin sannan Yaya ya gani. Ya riƙe ɗaya ya daɗe yana kallo.

"Ina rubutun da ke bangon?"

"Ya ɓata hoton, na cire."

"Auta, sunan mutum ne fa. A jikin bangon nan aka kashe shi bara."

"A takarda kawai na cire, Yaya. Na bangon yana nan, ban taɓa shi ba."

Ya buɗe baki zai ƙara magana, ya ga idanunta sun yi ja don rashin barci, sai ya mayar da fastar cikin sauran. Da ma ya yi mata tsawa a ranar. Amma bai iya ba, bai taɓa iyawa ba. Washegari fastocin suka hau turakun lantarki da ƙofofin shaguna, kuma a ƙasan kowacce an rubuta rana da wuri da lokacin ɗaukar bidiyon, don Malam ya ce fasta mai kyau ba ta barin mai kallo da tambaya.

Tsarin bidiyon ba shi da wuya. Tartsatsi zai tsaya tsakiyar garejin yana waƙa, wasu su faɗo masa a kan babura da hulunan kwano, su yi kamar sun yi masa duka, ya faɗi, ya tashi da jini a baki ya ƙarasa baitinsa. 'Yan ajinsu uku ta samu, ta yanka musu tiyon ruwa ta naɗe da baƙin salatif har ya zama kamar rodi. Jinin kuwa na kalar abinci ne da ruwan sukari, a 'yar kwalba. Yaya ya san za a zo, amma bai san a wane baiti ba. Doka ta biyu ke nan.

Ranar ta zo da zafi. Garejin na warin tsohon mai da tsatsa, gawarwakin motoci a jere ba tayoyi, 'yan kallo kamar ashirin sun raɓe a inuwa. Auta ta sa kowa ya kashe waya, ta fara da tata. Ta zauna a kan wata taya da ɗan allon da ke nuna mata abin da kyamara ke gani, ta ce a saki kiɗa. Lasifika ta ɗauka har gilasan motocin na rawa.

Ya yi baitin farko kamar ba shi ne mai gudun kyamara ba. Ya shiga amshi. Sai ga ƙugin babura daga ƙofa.

Sun zo da wuri, a amshi na biyu aka yi da su. Kuma huɗu ne, ba uku ba. Auta ta ga duk wannan a allo, abin da ya zo mata a rai kawai shi ne, sun ƙaro mutum ɗaya, madalla, hoton zai fi cika.

Na farkon bai ma tsayar da babur ɗin sosai ba ya diro. Ya kai wa Yaya duka a bayan gwiwa, ƙafar ta lanƙwashe, ya zube a kan hannuwansa. Ya ɗago kai, kuma abin da ke fuskarsa shi ne abin da Malam ya yi shekara yana kwatanta musu. Tsigar jikin Auta ta tashi don daɗi.

"Auta," in ji Dogo, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Anya kuwa?"

"Kada ka tsaya. Matsa kusa."

Na biyu ya sauke nasa a haƙarƙari. Na uku ya sa takalmi ya ture shi ya kifa, ya taka masa yatsu ya murza. Yaya ya yi ƙoƙarin rarrafawa zuwa ƙarƙashin wata mota, suka jawo shi ta ƙafa, rigarsa ta naɗe har wuya, bayansa na gurzar ƙasa da gutsattsarin gilashi. Bakinsa a buɗe yake, amma kiɗan ya danne komai, muryarsa ta cikin lasifika na ta zuba baiti lafiya lau. Wasu daga cikin 'yan kallo har tafi suka yi.

"Auta, wannan fa..."

"Na ce kada ka tsaya. Fuskarsa nake so. Yauwa. Ya yi kyau, wallahi ya yi kyau."

Jini ya gangaro daga girarsa ya rufe ido ɗaya. Ta ce a ranta ya ɗan yi duhu, da ta rage kalar. Tana wannan tunanin ta ji wani abu mai tauri a tafin hannunta na hagu. Ta duba. Kwalbar jinin ce, cike, da murfinta. Hidima ta sa ta manta ba ta ba shi ba.

A daidai nan ɗaya ya kai duka ya kuskure, abin hannunsa ya sauka a kan murfin mota. Ƙarar ta tsaga kiɗan. Tiyon ruwa ba ya irin wannan ƙarar.

Ta ɗago kai daga allon, karo na farko tun da aka fara, ta ga yayanta a ƙasa, taku goma daga inda take zaune.

Na huɗun, wanda bai taɓa kowa ba tukuna, ya taka har wurin lasifikar ya sa rodi ya farfasa ta. Garejin ya yi tsit, sai numfashin Yaya mai fita da wani gurnani. 'Yan kallo suka fara sulalewa ta bayan motoci. Mutumin ya cire hular kwanonsa. Ba matashi ba ne sosai, akwai furfura a gemunsa, idanunsa kuma a bushe suke. Ya zaro fasta daga aljihu, ya warware ta a hankali, ya tsuguna ya kara ta a fuskar Yaya.

"Ƙanena ne," in ji shi, ba tare da ɗaga murya ba. "Ni na wanke jininsa daga bangon nan. Ni na rubuta sunan da hannuna. Mahaifiyarmu ta fito sayen magani ta ga wannan a ƙofar kyamis. Wa ya goge shi?"

Auta na tsaye yanzu, ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Kalma biyu ce kawai, ni ce.  Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa sani ba, harshenta ya manne.

Yaya bai ko kalli inda take ba. Ya ɗaga hannun da bai karye ba, ya nuna ƙirjinsa.

"Kai ne mai baki, ko?" in ji mutumin. Ya miƙe, ya gyara tsayuwa, ya riƙe rodin da hannu biyu, ya sauke shi a muƙamuƙin Yaya. Ƙarar ba ta da yawa. Haƙora biyu suka faɗo kan siminti.

Sai a lokacin muryarta ta fito, kuma abin da ya fito shi ne, "Yanke!"

Mutumin ya juyo ya dube ta, ya dubi Dogo da kyamara a kafaɗa, jar fitilarta na kunne har yanzu. Ya saki fastar a kan Yaya, ya mayar da hularsa, suka hau babura suka tafi ba gaggawa. Minti biyar bayan haka 'yan ajinta uku suka iso da tiyonsu, suna ba da haƙuri, wai taya ce ta yi faci, sun yi ta kiran wayarta a kashe.

Kwana shida Yaya ya yi a asibiti kafin ya iya zama. An ɗaure muƙamuƙin da waya, abinci sai ta tsinken roba. Likita ya ce zai yi magana in an kwance, amma harshen ya tsage sosai, kada a sa rai da saurin bakinsa na da. Mama ta tare a gefen gadon, kuma duk wanda ya zo dubiya sai ta ce masa, "Allah ne ya sa ƙanwarsa na wurin. Ita ta yi ihu suka gudu." Duk lokacin da ta faɗa, Auta sai ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

'Yan sanda sun karɓi bidiyon, amma wanda ta ɗora waƙar a kai ta ba su. Na asalin, mai sautin da makirufon kyamara ya kama, yana cikin kwamfutarta. Makirufon na kusa da bakin Dogo, da nata. Daƙiƙa arba'in da bakwai ne daga dukan farko zuwa lokacin da ta ɗago kai. Ta ƙirga su ya fi sau ɗari.

Ran na bakwai da hantsi, Mama ta fita karɓo magani. Yaya ya jawo littafin da yake rubutu a ciki, ya rubuta da hannun hagu, haruffan a karkace: Nuna min.

Ta buɗe kwamfutar a kan cinyarsa ta kunna mai waƙar. Bai kai daƙiƙa biyar ba ya girgiza kai, ya sake rubutu: Ba wannan ba. Na ga Dogo yana miki magana ranar.

Tana iya cewa ya goge. Da ya yarda, ko ya yi kamar ya yarda, don haka ya saba. Ta daɗe da yatsa a kan madannin. Sannan ta buɗe ɗayan, ta sa masa lasifikar kunne da hannunta, ta koma ƙarshen gadon ta tsaya.

Ba ta jin komai daga inda take, amma ta san kowace daƙiƙa. Ta ga idonsa mai lafiya ya tsaya cak a inda ta ce matsa kusa. Ta ga maƙogwaronsa ya motsa a inda ta ce ya yi kyau. Hawaye na zubo mata, ba ta share ba.

"Yaya, ban sani ba. Wallahi ban sani ba. Kuma da mutumin ya tambaya, na so in ce ni ce, na kasa."

Ya ɗauki biro. Ya daɗe yana rubutun, don hannun bai saba ba. Ya juyo mata da littafin.

Kada Mama ta ji wannan. Ki mayar da sunan yaron.

Ta miƙa hannu za ta ɗauke kwamfutar. Ya dafe ta da tafinsa, bai dube ta ba. Ya gyara abin kunnen, ya ja bidiyon baya zuwa farko, ya sake kunnawa.